Kwamfuta Za Ta Iya Ƙera Mana Rigakafin Kwalara? Tambayoyi da Amsoshi daga Yamai

Tun da damanar 2024 ta zo da ambaliya, kwalara kuma ta ɓulla a Konni da Madawa da Buza cikin jahar Tawa, tambayoyi ba su yanke mini ba. Ilimin halittu nake koyarwa a nan Yamai, amma a Adar aka yanke mini cibiya, shi ya sa in abu ya tashi can wayata ce take fara sani. Ɗalibai suna tambaya kan abin da suka karanta, wai yanzu da kwamfuta ake ƙera rigakafi. Dangi kuwa tambayarsu ɗaya ce: in haka ne, me ya hana a yi mana na zawo da amai mu huta? Ga waɗanda aka fi maimaita mini, da abin da nake amsawa.

Malam, yaya kwalara take kashe ƙato cikin yini guda?

Ƙwayar cuta ce mai suna Vibrio cholerae, ƴar mitsitsiya, lanƙwasasshiya kamar waƙafi, da jela guda da take iyo da ita. Filippo Pacini ya gan ta a madubin likita a Italiya a 1854, Robert Koch ya sake tabbatar da ita a Kalkata ta Indiya shekara talatin bayan nan. Ta baki take shiga, cikin ruwa ko abincin da bahaya ya gurɓata. Tsamin ciki yana kashe mafi yawansu, waɗanda suka tsira sai su manne a bangon ƙaramin hanji. Ba ta ratsawa cikin jini. Nan take zama tana zuba dafi.

Dafin nan kashi biyu ne. Akwai sashen B, guda biyar da suka yi zobe, su ne suke damƙe fatar hanji. Akwai sashen A, guda ɗaya, shi yake kutsawa ciki ya murɗe pampon gishiri ya bar shi a buɗe. Inda gishiri ya bi kuwa ruwa na biye da shi. In ciwon ya yi tsanani, babban mutum yana iya zubar da lita guda cikin awa.

Wanda ya taɓa shiga rumfar masu kwalara ba ya mantawa. Gadon da rami a tsakiyarsa, bokiti a ƙarƙashi, wani bokitin a gefe don amai. Zawon fari-fari kamar ruwan da aka wanke shinkafa. Ido ya faɗa, murya ta dishe, yatsu sun yamutse kamar na wadda ta yini tana wanki, in ka tsunkuli fatar ciki sai ta tsaya a tsunkule. Ƙarewar ruwan jiki ce take kisa. Cikin masu tsananin ciwon da ba su sami taimako ba, ana iya rasa kashi 25 zuwa 50 cikin ɗari. In aka mayar da ruwan a kan lokaci, ko kashi ɗaya ba a rasawa.

Ashe babu rigakafinta? Na ji an taɓa ɗiga wa mutane a baki.

Akwai, kuma yana aiki. Tun 1885 wani likita mai suna Jaime Ferrán ya yi wa dubban mutane allura a Sifaniya, Waldemar Haffkine ya haɗa nasa a Paris a 1892 ya kai Indiya. Waɗancan na allura kariyarsu gajeriya ce, ga kumburi da zazzaɓi, har aka yi watsi da su. Na yanzu sha ake yi. Dukoral ya fito a Suwidin a 1991. Shanchol na Indiya ya sami amincewar Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, a 2011, Euvichol na Koriya ta Kudu a 2015. Abin da ke cikinsu matattun ƙwayoyin cutar ne sukutum, jiki ya gan su ya haddace kamanninsu.

Sai dai da sauran rina a kaba. Sha biyu ake buƙata, tsakaninsu mako biyu, kariyar kuma ta kai kamar shekara uku ta fara raguwa. A yara ƴan ƙasa da shekara biyar ƙarfinsa bai kai na manya ba, alhali su ne jikinsu bai da ruwan da za su yi asara. Yana son sanyi, daga digiri 2 zuwa 8, mu kuwa a Tawa cikin bazara zafi yana haura 40 ba tare da an yi mamaki ba. Babbar matsalar ita ce ƙaranci. An kafa rumbun ajiyar duniya na wannan rigakafi a 2013, amma a watan Oktoban 2022 annoba ta yi yawa a ƙasashe har masu rabon suka koma ba da sha ɗaya maimakon biyu don abin ya zagaya. A wancan lokaci aka kuma daina yin Shanchol, rumbun ya koma dogara kacokan ga kamfani guda, EuBiologics. A 2024 aka amince da Euvichol-S, wanda aka rage kayan haɗinsa daga biyar zuwa biyu don a riƙa yinsa da yawa da sauri.

Abin da ake nema ke nan: wanda zai kare jarirai, ya daɗe, ya jure zafi, ya yi arha.

To mene ne wannan ilimin halittu na kwamfuta?

Kowace halitta tana ɗauke da littafin umarninta a cikin DNA, rubutacce da haruffa huɗu kacal: A, C, G, T. A shekarar 2000 masana a Amurka suka gama karanta na ƙwayar kwalara. Haruffa ne wajen miliyan 4, rabe a zobba biyu, babba da ƙarami, cikinsu da umarnin haɗa furotin kusan 3,900. Furotin kuwa su ne kayan aikin ƙwayar: da su take iyo, da su take mannewa, da su take zuba dafi.

Babu mutumin da zai zauna da alƙalami ya tantance haruffa miliyan 4. Kwamfuta tana yi cikin mintoci. Ilimin halittu na kwamfuta shi ne amfani da lissafi da manhajoji wajen karanta irin wannan littafi, da kwatanta shi da na wasu halittu, da hasashen abin da kowane sashe yake yi.

Yaya ake fitar da rigakafi daga cikin haruffa?

Kakanninmu da tsagar fuska suke gane baƙo. Kafin ya buɗe baki an san Bagobiri ne ko Ba'are. Garkuwar jiki ma haka take: ba ta duban ƙwayar cuta gaba ɗaya, wani ɗan tabo take riƙewa, gobe in ta sake ganinsa ta far masa. Aikin mai kwamfuta shi ne ya nemo tsagar da ta fi dacewa a nuna wa jiki.

Da tankaɗe ake farawa. Cikin furotin 3,900 ɗin nan sai a ware waɗanda suke waje, a bayan fatar ƙwayar, domin abin da ke ɓoye a ciki sojojin jiki ba sa ganinsa. Sai a zubar da duk wanda ya yi kama da furotin na ɗan Adam, kada jiki ya juya ya yaƙi kansa. A zubar da masu kama da na ƙwayoyin kirki da ke zaune a hanjinmu. Sannan a jera ƙwayoyin kwalara na ƙasashe da shekaru daban-daban, a ɗauki abin da bai sauya ba a cikinsu duka. Yawanci sunayen da suke saura a rariya sanannu ne: OmpU, wata ƙofa a fatar ƙwayar; TcpA, zaren da take mannewa da shi; da sashen B na dafin.

Daga nan sai a yayyanka su guntu-guntu a cikin kwamfuta, manhaja ta ba kowane guntu maki: wannan jiki zai gane shi, wancan zai iya tayar da borin jini, wancan guba ne. Waɗanda suka ci sai a ɗinke su jere kamar tsakiya a zare, a ƙara musu wani sinadari mai tsokanar garkuwa don ta farka. Sai a yi hasashen siffar da abin zai ɗauka in ya naɗe, a gwada shi da masu gadin jiki kamar yadda ake gwada mabuɗi a kwaɗo, a girgiza shi cikin ruwan lissafi a ga ko zai warware. A ƙarshe a mayar da shi haruffan DNA, yadda za a iya sa wata ƙwaya marar lahani ta haɗa shi a ɗakin gwaji.

Mafi yawan kayan aikin nan kyauta suke a intanet: GenBank da ke ajiye haruffan, BLAST mai kwatantawa, IEDB da VaxiJen masu ba da maki. Hasashen siffa a da shi ne ƙashin wuya, sai AlphaFold ya zo a 2020 ya sauƙaƙa shi ƙwarai. Saboda wannan aiki ne Demis Hassabis da John Jumper suka sami kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2024, tare da David Baker mai ƙera sababbin furotin.

An taɓa samun rigakafin gaske ta wannan hanya, ko duk a takarda ne?

An samu. Misalin farko ciwon da muka sani ne sarai, sanƙarau. Nau'in B nasa ya gagari masana shekaru da yawa. A wajen 2000 Rino Rappuoli da abokan aikinsa a Italiya suka faro daga haruffan ƙwayar, kwamfuta ta zaɓo musu furotin kusan 600, suka iya haɗa 350 a ɗakin gwaji, suka gwada a ɓeraye, ƴan kaɗan suka rage. Rigakafin da ya fito daga ciki, Bexsero, sai 2013 Turai ta amince da shi. A lura da tazarar: shekara goma sha uku. Na biyu shi ne SKYCovione na korona, wanda aka zana ƙwarangwal ɗinsa a kwamfuta a Jami'ar Washington, Koriya ta Kudu ta amince da shi a 2022.

Na kwalara kuwa, har yau babu wani da aka zana a kwamfuta da ya kai ga a ba jama'a.

Me ya sa? Ai an daɗe da karanta haruffanta.

Wannan ita ce tambayar da na fi so a tsaya a kanta, domin nan gizo yake saƙa, kuma rubuce-rubuce da yawa suna tsallake ta.

Manhajojin da na ambata gwanayen furotin ne. Amma tsagar da jikin mutum ya fi riƙewa a ƙwayar kwalara ba furotin ba ce. Wata sarƙar sukari ce da ta lulluɓe bayanta kamar gashi, ana kiranta O. Da ita ake raba dangin ƙwayar, waɗanda sun haura 200, kuma biyu kaɗai cikinsu suke kawo annoba: O1 da O139.

Ga hujjar da ta gamsar da ni. A 1992 O139 ta ɓulla a Indiya da Bangaladash. Dafinta irin na O1 ne, furotin ɗinta kusan duk iri ɗaya ne, rigar sukarin kawai ta sauya. Amma ta riƙa kayar da manya waɗanda suka sha fama da O1 tun suna yara, jikinsu kuma ya san ta. Da furotin ne ginshiƙin kariya, da tsohuwar garkuwarsu ta tsare su. Ba ta tsare su ba. Ko cikin O1 ɗin kanta, abin da ya raba nau'o'inta biyu, Ogawa da Inaba, ɗan ɗigon sinadari ne guda a bakin sarƙar sukarin.

Sukarin nan ba a rubuce yake kai tsaye a DNA ba. Abin da ke rubuce umarnin haɗa maƙeran da za su ƙera shi ne. Saboda haka mai tankaɗe haruffa yana iya gama aikinsa tsaf, ya fito da jerin furotin masu maki, alhali abin da ya fi muhimmanci bai ma shiga rariyarsa ba.

Na biyu, fagen yaƙin. Tunda ƙwayar ba ta shiga jini, sojojin da ake buƙata na cikin hanji ne, waɗanda ake kira IgA, masu fitowa cikin majinar da ta shafe bangon hanji. Tayar da sojojin jini da allura abu ne, kai su bakin hanji wani abu ne daban. In kuma aka ce a sha, to tsamin ciki da sinadaran narkar da abinci ba su san bambancin guntun furotin na rigakafi da na kilishi ba, narkar da shi za su yi.

Ba na cewa hanyar ta toshe. Sashen B na dafin yana ƙara ɗan kariya na ɗan lokaci, shi ya sa yake cikin Dukoral. Akwai kuma dabarar da mu a Nijar muka ga amfaninta da idonmu: a ɗaure sukarin a jikin wani furotin, sai garkuwar ƙaramin yaro, wadda ba ta kula sukari shi kaɗai, ta kula shi ta kuma daɗe ba ta manta ba. Haka aka yi MenAfriVac, wanda aka fara babban gangaminsa a Burkina Faso da Mali da Nijar a ƙarshen 2010, ya kusan share sanƙarau nau'in A daga yankinmu. Masana a Boston ta Amurka da abokan aikinsu na cibiyar icddr,b da ke Dhaka sun daɗe suna bin wannan hanya kan kwalara. A ganina nan ne kwamfuta za ta fi amfani: ta taimaka wajen zana furotin ɗin da zai goyi sukarin, mai jure zafi, mai sauƙin haɗawa.

Malam, na gama nawa zanen, kwamfuta ta ce zai yi aiki. Ba shi ke nan ba?

Wani ɗalibina ne ya yi mini wannan tambayar, da yamma bayan la'asar, muna zaune a inuwar bedi ana dafa shayi. Ya buɗe kwamfutarsa a kan cinya, ya nuna mini wani abu mai launi ja da shuɗi yana juyawa a hankali kamar igiyar da aka murɗe, a ƙasa ga layuka suna hawa sama, wai sojojin jiki ne suke ƙaruwa bayan allura ta uku. Ya kwana uku a kansa, wuta na ɗaukewa yana jira ta dawo. Na ji daɗin ƙwazonsa har cikin raina, na kuma gaya masa haka.

Sannan na ce masa: ɗana, layukan nan ba daga jinin kowa suka fito ba. Manhajar ta ɗauki abin da aka koya mata ne ta lissafa. Ba ta san hanjin yaron da tamowa ta kama ba, ba ta san tsutsar ciki ba, ba ta san ko abin nan zai narke a ruwa ko zai dunƙule in an zo haɗa shi ba. Abin da ke hannunka zanen gida ne, ko tubali ɗaya ba a aza ba. Zane kuma yana da daraja, tunda ya rage abubuwa dubu ya mayar da su goma. Amma sai an gwada akan san na ƙwarai. Duk wanda ya rubuta cewa ya gano rigakafin kwalara alhali bai taɓa ko ɓera ba, ya faɗi abin da ya fi bakinsa.

Bayan kwamfuta sai me?

A haɗa abin a ɗakin gwaji, a tsarkake shi, a ga ko siffarsa ta yi daidai da hasashe. Sai dabbobi, kuma nan ma da wuya, domin manyan ɓeraye ba sa kamuwa da kwalara irin tamu, sai an yi amfani da jinjirayen ɓera ko na zomo. Sai mutane kaɗan don a tabbatar ba ya cutarwa, sai ɗaruruwa, sai dubbai a inda ciwon yake. Kwalara tana da wata gajeriyar hanya: masu sa kai su sha rigakafi, daga baya su sha ƙwayar da gangan a asibiti, likitoci na tsaye da ƙarin ruwa da magani. Ta haka Amurka ta amince da Vaxchora a 2016 don matafiya. Duk da haka shekara goma ba ta yi yawa ba.

Wanda aka zana don Turawa zai yi mana aiki?

Tambaya ce mai tushe. A jikin kowa akwai wasu furotin da ake kira HLA, su ne faifan da ake ɗora guntun ƙwayar cuta a kai a miƙa wa sojojin jiki. Faifan nan gado ne, kuma ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Babu nahiyar da ta kai Afirka yawan ire-irensa, amma bayanan da aka horar da manhajojin da su sun fi yawa daga mutanen Turai. Ke nan hasashen zai iya yin rauni a kanmu ba tare da kowa ya lura ba. Maganin abin shi ne namu bayanan su shiga rumbun, da yardar masu su, kuma namu masanan su zauna a teburin da ake zanen.

To wane amfani kwamfuta ta riga ta yi kan kwalara?

Babba, sai dai ba a wajen ƙera rigakafi ba tukuna, a wajen bin sawu. Annobar da muke ciki ita ce ta bakwai, ta faro daga tsibirin Sulawesi na Indunusiya a 1961, ta iso Afirka ta Yamma a 1970. An daɗe ana zaton ƙwayar tana kwance ne a ruwayenmu tana jiran damana. A 2017 masana daga Cibiyar Pasteur ta Paris da Cibiyar Sanger ta Ingila suka kwatanta haruffan ƙwayoyi fiye da dubu daga ƙasashen Afirka 45, suka tarar an shigo da ita daga Asiya aƙalla sau 11, mutane ne suke ɗauke da ita daga gari zuwa gari, kuma sababbin zuwan sun zo da taurin kai ga magunguna. Irin wannan bincike ne ya nuna ƙwayar da ta afka wa Haiti a 2010 ƴar'uwar ta Nepal ce.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. A 2018 daga Madarunfa ta taso, dab da iyaka. A 2021 ta kama fiye da mutum 5,000 a Nijar, sama da 150 suka riga mu gidan gaskiya, Maraɗi da Tawa da Damagaram suna cikin jahohin da suka fi jin jiki. Wanda ya san kasuwar Konni da Illela ya san iyakar nan a taswira kawai take. Haruffan ƙwayar suna iya nuna ta ina ta biyo, wane magani ne har yanzu yake cinta, lissafi kuma ya nuna garuruwan da ya kamata a fara kai wa ɗan rigakafin da ake da shi tun ruwa bai sauka ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ɗana, wannan abin da ake ɗigawa, ba ya hana haihuwa? Mai ciki ta sha?

Innata ce ta tambaye ni a waya, kuma na san da bakin mata da yawa ta yi magana. Na ce mata: Inna, ba ya hanawa. Matattun ƙwayoyin cutar ne cikin ɗan ruwa da bai cika rabin cokalin shayi ba, matacciya kuwa ba ta sa ciwo. An ba miliyoyin mutane a Afirka da Asiya. OMS ta ce a haɗa da masu ciki da masu shayarwa, domin kwalara ita ce take zubar da ciki. Daga shekara ɗaya zuwa sama ake bayarwa. Wasu sukan ji ɗan murɗar ciki ya wuce. In ma'aikatan lafiya suka zo, ki sha, ki tara jikokinki su sha, in an ce za a dawo zagaye na biyu kada ki bari ya wuce ku.

Ana iya wannan aiki a Nijar?

Sashen kwamfuta, ƙwarai kuwa. Ƙaramar kwamfuta da intanet da haƙuri sun isa a fara. Ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni ko ta Djibo Hamani da ke Tawa zai iya sauko da haruffan ƙwayar kwalara yau da dare. Shawarata gare shi ita ce ya fara ƙware a ilimin ƙwayoyin cuta da na garkuwar jiki kafin manhaja, ya koyi Python, wato yaren rubuta manhaja, da lissafin ƙididdiga, ya kuma dage da Ingilishi tunda da shi aka rubuta yawancin kayan aikin. Wanda ya iya danna maɓalli bai san halitta ba, duk abin da na'ura ta faɗa masa zai haɗiye.

Sashen gwaji ma ba daga sifiri muke ba. Cibiyar CERMES a nan Yamai tana tantance ƙwayoyin kwalara da na sanƙarau. A jahar Maraɗi kuma cibiyar Epicentre ta gwada rigakafi mai jure zafi na rota, ƙwayar da ke sa yara zawo, a kan dubban jarirai, sakamakon ya fito a 2017, rigakafin kuma ya shiga hannun duniya. Da ni ne ɗalibi yau, da ƙwayoyin da aka samo daga majinyatan Konni da Madawa zan sa a gaba, in ga da wa suka haɗa dangi, in ga wane magani suka fara bijire wa. Wannan aiki ne da ma'aikatar lafiya za ta iya amfani da shi kafin damana mai zuwa.

Kafin duk wannan ya nuna, me zan yi a gidana?

Ruwan sha a tafasa shi ko a sa masa ƙwayar Aquatabs a jira rabin awa, ko da daga ɗan garuwa aka saya. Randa a rufe, moɗa ɗaya mai mariƙi, kada kowa ya tsoma hannu. Wanke hannu da sabulu bayan kewaya da kafin cin abinci, in babu sabulu toka ta fi babu. Kashin yara a zuba a masai, domin mafi yawan masu ɗauke da ƙwayar ba sa nuna alama, amma suna zubar da ita har kwana goma. In an yi rasuwa ta kwalara, a bar ma'aikatan lafiya su jagoranci wankan gawa da ruwan jabel, kada kuma masu wankan su taɓa abincin zaman makoki.

In zawo mai ruwa-ruwa ya fara, kada a jira gari ya waye. A kaɗa ƙunshin gishiri da sukari na likita cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. In babu, cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin cokalin shayi na gishiri, cikin lita ɗaya. Dafin kwalara bai taɓa ƙofar da sukari yake shiga da gishiri a hanji ba, ta nan ruwan yake komawa jiki. Da wannan haɗin ne likita Dilip Mahalanabis ya rage mace-mace daga wajen kashi 30 zuwa ƙasa da kashi 4 cikin ɗari a sansanin ƴan gudun hijirar Bangaladash a 1971, lokacin da ledojin ƙarin ruwa suka ƙare masa. A riƙa ba majinyaci kurɓi-kurɓi. In ya yi amai a dakata minti goma a ci gaba. Jariri kada a cire shi daga nono. A ɗauki bidon ɗin a hau amalanke ko babur da shi, yana sha ana tafiya har a isa likita mafi kusa.